Ƙwayar Dawa a Kunnen Attahiru Wanzami

Attahiru wanzami mutumin Nahuce ne, kuma zabirar da yake rataye da ita gadon kakanni ce. Aski da ƙaho da cire belu duk yana yi, amma abin da ya kai sunansa daga Bungudu har kasuwar Tsafe shi ne sakace kunne. Da gashin zabuwa guda da ɗan tsinken ƙarfe yakan sa dattijo ya lumshe ido yana hamdala. Ba mugun mutum ba ne. Aibinsa ɗaya, ba ya iya jin ana yabon wani a kan abin da yake ganin gadonsa ne.

A shekarar da motoci suka koma hannun dama aka turo Tukur aiki a asibitin shakatafi na Bungudu. Ɗan maƙwabciyarsu Inna Talatu ne, tare suka yi karatun allo, Attahiru ma ya riga shi sauka. Wata ranar kasuwa Tukur ya rataye zanen kunne a jikin ɗorawa, mutane suka taru, Attahiru ya tsaya can baya kamar mai wucewa.

"Wanga da kuke gani waje mazurari ne kawai, shina tara sauti," in ji Tukur. "Can ciki akwai wata fata mai laushi kamar ɓawon albasa, ita ce dodon kunne. Sauti ya buge ta, sai ta kaɗa kamar fatar kalangu, ta motsa ƙasusuwa uku, ƙaraminsu bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Su kuma su girgiza ruwan da ke cikin wani abu mai naɗi kamar katantanwa, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. To, ku bar cusa tsinke. In kuwa hatsi ya faɗa, kada a zuba ruwa, kumbura shikai."

Gambo mahauci ya waiwayo ya ce, "Sarkin Aska, ka ji? Shekara ashirin kana shiga gidan nan, ashe ba ka san ɗakunansa ba!"

"Kunne dubu na leƙa, ban ga katantanwa ba," in ji Attahiru. "Da akwai ta, ai da tuni ka tsire ta ka sayar."

Aka yi dariya, amma shi abin bai ba shi dariya ba. A lura da kyau: bai musanta Tukur don ya kama shi da kuskure ba. Hannunsa ya daɗe da sanin cewa akwai iyakar da in tsinke ya kai, mutum kan zabura. Tukur ya faɗi dalilin ne kawai. Da ƙarya ce da ba ta dame shi ba. Gaskiyar ce ta ƙona shi, domin daga bakin Tukur ta fito.

Da kaka ta yi, ana sussuka a gonarsa, ƙwayar dawa ta yi tsalle ta faɗa masa kunnen dama. Matarsa Lantana ta ce, "Malam, Bungudu ba nisa. Ka je wurin Tukur."

"In je in kwanta, ɗan Inna Talatu shi leƙa kunnena, Gambo shi ji? Kawo buta."

"Ai kai da bakinka ka ce ya hana ruwa."

"Shi ya sa na ce ki kawo."

Ta zuba. Kwana biyu ƙwayar ta kumbura ta cika ramin, kunne ya ɗauki zogi. Ya sa gashin zabuwa, ta ƙara nutsewa. A rana ta uku ya ɗauko tsinken ƙarfe. Da ya kai iyakar nan da hannunsa ya sani, iyakar da bai taɓa ƙetarewa a kunnen kowa ba, sai ya tuna zanen da ke jikin ɗorawa, ya cije ya danna. Ya ji wani abu ya ce fus, jini ya biyo, kukan kajin tsakar gida ya koma gefe ɗaya.

Tukur ne ya ɗauke shi a kan babur zuwa asibitin Gusau. Aka cire ƙwayar, amma dodon kunne ya yage, ƙasusuwan sun goce, ciwo ya zauna. Kunnen dama bai sake ji ba.

Attahiru ya ci gaba da aski da ƙaho, tsinken kuwa bai ƙara fitowa daga zabira ba. Masu son sakace in sun zo sai ya ce hannunsa na ciwo. Sunan Tukur dai bai taɓa ambata musu ba. Ya kuma sauya mazauninsa a kasuwar Bungudu, ya koma inda asibitin ke damansa, don gaisuwar da ake yi wa Tukur ta riƙa faɗawa a mataccen kunne. Sai dai sauti ba ya bin son ran mutum. Yakan zagayo ta ƙeya, na hagu ya tara shi, ya kai masa kowace "Allah shi saka, Malam Tukur" ba ragi.