Maganin da Ba Ya Ƙarewa

Shekarun baya, lokacin da ake ta zancen Turawa za su tafi, ina ɗinki a wata rumfa a kasuwar Rano. Saurayi ne ni mai yawan mafarki. Duk ɗan littafin soyayyar da ya shigo hannuna sai na haddace shi, kuma a cikinsu, da saurayi ya ga budurwa sai gabansa ya faɗi. Don haka ranar da wata 'yar ƙauyen Fammar ta kawo atamfa in ɗinka mata riga, ƙirjina ya kama bugawa har a wuya nake ji, ban yi mamaki ba. Na ce abin ya zo.

Sai dai ya ci gaba da zuwa ko ba ta nan. Wata rana ya kama ni ina kallon jakin mai itace. Wani abokina ya ce idan wannan ma so ne, shi zai shige mini gaba wajen neman auren. Shi ya matsa mini muka hau babbar mota zuwa asibitin birni.

Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjina, sannan ya ce zuciyata ce ke gudu fiye da ƙima, tana kuma tuntuɓe. Ya ba ni wata farar ƙwaya wadda ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ɗaya kullum da safe, kada in ninka ko da na manta, idan na ji tashin zuciya ko na ga abubuwa suna yin rawaya in koma. Ya koya mini ɗora yatsu a wuyan hannu in ji bugun. Na tambaye shi zuwa yaushe zan sha, ya ce muddin ina raye.

Maganin ya karɓe ni. Na daina haki, na yi ƙiba, yarinyar kuma ta amince da ni. Manya suka kai gaisuwa Fammar, aka karɓa. Sai danginta suka fara bincike, kamar yadda ake yi wa kowane manemi. Ba su sami aibu a asalinmu ba, amma wani ya gaya musu duk wata ina zuwa birni karɓo magani.

Kawunta ya zo har rumfata. Na shimfiɗa masa buzu, na yi masa bayani daki-daki, har na nuna masa kwalbar maganin. Ya jujjuya ta a hannu.

"Ɗan nan, ka warke ko ba ka warke ba?"

"Lafiyata ƙalau, Baba, in dai ina sha."

"Mu a saninmu magani sha ake, a warke, a ajiye. In ka warke, ajiye shi. Akwai gayya a gonar ubanta, ka zo mu gani."

Mahaifiyata ma ta goyi bayansa. Ta ce ta gaji da jin maƙwabta suna cewa ɗanta da ƙwayar Bature yake tafiya. Abokina kaɗai ya ce in bar auren ya lalace da in bar maganin. Ni kuwa ban taɓa karanta littafin da saurayi ya fasa sadaukar da ransa ba. Na ajiye kwalbar.

Ranar gayya makaɗa suka saki ganga, samari muka jeru kowa da kunyarsa, 'yan mata na guɗa a bakin gona. Na duƙa da garma kamar wanda aka haifa a kanta. Ban kai tsakiyar gona ba ƙirjina ya ɓalle da gudu, gumi mai sanyi ya rufe ni, dawa ta fara juyawa.

Da na farfaɗo, ƙafafu na fara gani, sun yi da'ira can nesa da ni. Wani ya ce farfaɗiya ce, kada a taɓa yawuna. Abokina ne kawai ke riƙe da kaina. Na nemi yarinyar da ido. Tana cikin masu kallo, ta toshe hanci da bakin mayafinta.

Ba a yi sati ba aka dawo mana da kayanmu a ƙwarya. Likita ya yi mini faɗan da ko mahaifina bai taɓa yi mini ba, na koma kan magani. Daga baya na yi aure, na haifi 'ya'ya, na aurar da su.

Abin da har yau yake mini ɗaci, ban ɓoye wa dangin yarinyar nan komai ba. Mai lafiya suka tarar, su suka ce ya ajiye abin da ke riƙe da lafiyar, da ya faɗi kuma suka ce ai dama sun faɗa. Shi ya sa duk wanda na ji ana zuga shi ya bar maganinsa don ya nuna ya warke, nakan tambaye shi ko masu zugar za su matso idan ya faɗi.

Sau ɗaya na sake ganin 'yar Fammar ɗin nan, a gidan wata ta'aziyya a Kibiya, mu duka mun yi furfura. Na daɗe ina shirya abin da za ta faɗa ranar da muka haɗu, da irin hawayen da za ta yi. Ta dube ni sosai kafin ta gane ni.

"Malam tela, ashe kana nan da ranka?"

Na ce ina nan.