Littafin Mai da Gonar Yaya

Da, mai neman tsohon littafi a Jidda sai ya bi lungunan Ammariyya, ko ya je haraj, kasuwar gwanjo, ya durƙusa gaban kwalayen da ma'aikata masu komawa ƙasashensu suka bari. Yanzu a waya ake talla, hoto da farashi, ba mai miƙa maka shayi. Na tona kwalaye a Alƙahira da Dakar da Istanbul, ban ga inda littafi ya kai nan araha ba. Jirgi yana auna kaya, mai tafiya kuma ya fi son tukunyarsa.

A wurin wani Bahaushen Sudan na sami wani littafi na Faransanci, bangonsa ya cire. Labarin yadda kamfanonin mai suka riƙa karɓar hayar ƙasa ne daga hannun mutanen da ba su san abin da suke takawa ba.

"Ya Hajj, wannan ko ɓera ya ƙi shi," in ji mutumin. "Ɗauka gyara, halas."

Sa'ad da zafin Jidda ke korar kowa, a gida damina ce. Na ɗauki hutu na tafi ƙauyenmu da littafin. Kullum da hantsi ina bayan gidan yayana, ƙarƙashin mangwaro, kaji suna tono a gefen tabarmata, ni ina jin haushin zaluncin da aka yi wa wasu kafin a haife ni.

Ana nan wasu mutane suka zo da fararen motoci. Suna gwajin mai a yankin, suna son hayar kusurwar gonar Yaya ta shekara biyu su haƙa rami. Yaya ya kawo mini takardar, domin ni ne mai harsuna huɗu, kuma mazaunin ƙasar mai.

"Malam na Jidda, duba mana. In dangwala?"

Na cire tabarau, na ba shi labarin babi uku. Na ce tunda suka zo da ƙafarsu, akwai abin da suka hango. Ya ja musu rai, za su dawo da ninki goma.

"To, kai ka ga duniya," ya ce, ya naɗe takardar.

Ba su dawo ba. Suka tsallaka iyaka zuwa gonar maƙwabcinsa, mutumin da karatunsa bai wuce na sallah ba. Ya dangwala yatsa tun kafin su gama bayani.

Ina Jidda aka gama haƙar. Ba a sami mai ba, ko na shafa wa keke. Ruwa suka tarar, mai yawa, da za su tashi kuma suka bar masa bututun. Yau mutumin yana noman tumatir da albasa da rani, gonar Yaya a gefe tana jiran sama.

Na kira Yaya ina ƙoƙarin nuna masa cewa a ƙa'ida shawarata daidai ce.

"Ai na sani," ya ce. "Littafin naka bai ce komai a kan ruwa ba?"

Na duba. Bai ce ba.

Har yanzu muna waya duk Juma'a. Yana tambayar lafiyar gwiwata, ya ba ni sautun dabino. Bai sake nuna mini takarda ba.