Zaren Awon Bindiga

Ƙamshin man keken ɗinki har yau yana mayar da ni soron gidanmu a unguwar Ammariyya ta Jidda, inda kakana yake goge madubin bindiga da shi. Madubi kawai fa, babu bindigar. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai.

Maharbi ne kafin ya zo aikin Hajji ya zauna a Jidda. Bindigarsa tana can gida wajen ƙaninsa. A kasuwar gwanjo ya sayi madubin, dogo kamar silin rake, ya kuma rantse cewa ranar da zobban da za su riƙe shi suka zauna daram a kan bindigar, da kansa zai kai shi. Kowa ya san ba shi da iƙama, takardar izinin zama. In ya fita ƙasar, shi ke nan, babu dawowa.

Duk shekara alhazai sukan zo da zare daga ƙanin nasa, awon kaurin bindigar. Kakana ya kai wa wani maƙeri a unguwar Mahjar, a ƙera zobba biyu, sama daidai madubi, ƙasa daidai zare. Alhazai su tafi da su, baɗi su dawo da su da sabon zare: sun matse. Ya zagi maƙeri, ya zagi ƙaninsa da bai iya awo ba, har zafin Jidda ya zarga da shanye zare.

Wata rana da hantsi na tarar da kakata tana datse bakin zaren da haƙori. Ta harare ni, na haɗiye tambayata. Wallahi na rasa wa zan tausaya wa.

Shekarar da ciwo ya kwantar da ita, zare ya iso ba ta ma sani ba. Na ce a raina shi ke nan, bana zobba za su zauna, tsoho ya tafi gida. Sai ya shiga ɗakinta, ina biye, ya sa mata shi a tafin hannu.

"Hajiya, bana kin manta."

Yanzu jikokina, waɗanda Hausarsu rabi Larabci ce, da waya suke auna komai. Madubin yana akwatina. Har yau ban gane ba: tunda kakana ya sani, me ya sa yake ta zagin maƙeri? Na dai san kusa da ita aka binne shi.