Turmin da Inna ta ba Rakiya aro

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Rakiya, kuma wallahi ban yi niyyar rubuta komai bana ba. Abin da idona ya gane mini makon jiya ne ya hana ni yin shiru.

Rakiya tana karatun digiri na biyu na wasan kwaikwayo a jami'ar nan Tawa ciwo ya ɗauke ta. A zamaninsu sashen nasu ba zaure, ba ko ganga ɗaya. Gindin wani icen dogon yaro suke taruwa. Ita kuwa ba ta iya zaman jira ba. Ta je gida Takanamat ta ari turmin mahaifiyarmu. Tun tana ƙarama maƙwabtanmu Abzinawa suka koya mata kiɗan tende: a ɗaure fatar akuya a bakin turmi, a yayyafa mata ruwa, a kaɗa, in an gama a kwance, turmi ya koma daka. Haka suke yi da ƴan ajinsu, da yamma kiɗa, da safe dakan yaji.

Inna ba ta taɓa tayar da maganar turmin ba sai bana, da ɗiyar Rakiya ta isa riƙe taɓarya. Ta ce, "Sani, tahi ka amso mini turmina. Aro na ba uwatta, yarinyar ga za ni ba."

Na hau kabu-kabu na je sashen nasu. Na tarar an gina musu zaure mai kyau, har da sunan Rakiya a ƙofa, na ji daɗi ƙwarai. A kulle yake, sai da na roƙi mai gadi ya buɗe, domin wai sai an yi baƙi ake buɗewa. Ina shiga na hango turmin Inna cikin akwatin gilashi. Innalillahi! An shafe shi da fenti yana ƙyalli, an kafe fatar da ƙusoshi, ta bushe ta tsage don ba mai ba ta ruwa. Na duƙa, sai na ga an huda gindinsa an ɗaure shi da ƙarfe kada a sace. Turmi da huji! Ba daka, ba kiɗa.

Na ce wa mai gadin, "Malam, wa ka kaɗa shi?" Ya ce, "Haba, ba a taɓawa, kayan tarihi na." Ɗaliban kuwa suna can gindin dogon yaron nan, bidon ruwa na roba suke bugawa.

Da Rakiya za ta leƙo, na san dariya za ta fara yi, irin tata mai ƙular da mutum, sannan ta tambayi inda aka ajiye guduma. Waɗanda suka yi aikin nan girmama ta suka nufa, ban musa ba, amma ba su san ta ba.

Na koma Takanamat hannu biyu, na faɗa wa Inna komai, ina tsoron kukanta. Sai ta ce, "Yaran hwa, da mi suka kiɗi?" Na ce da bido. Sai ta nuna turmi ɗayan da ya rage mata, wanda ta daka mana hura a ciki da safen ranar.

"Ɗauka ka kai musu, jikata ta jira lokacin kaka. Amma ka ce musu aro na, kada wanda ya sa shi gilashi."

Na je zaure neman abin da ya rage na Rakiya ban samu ba. Ashe yana gida, a bakin wadda ta haife ta. Allah ya jiƙan ki, ƴar Inna.