Dutsen Bayan Taya

A harabar ofishin duba lafiyar motoci a Ƙaura Namoda, wani dattijo na tsaye jikin tsohuwar bas, rigarsa ta sha wanki kamar mai zuwa Idi. Motar ce gidansa: katifa a baya, tukwane a rataye, tsohon zane ya zama labule. Fason ƙafarsa na manomi ne. Wataƙila daga wajen Kurya Madaro 'yan bindiga suka koro shi. Fitilun motar da ba sa kamawa sun sha guga, shi kuwa sai kare taya yake da babbar riga, kada a ga dutsen da ya tokare ta da shi.

Jami'in dubawar shekara ya zagayo, ya kalli ƙasa.

"Baba, wanga dutse shi na birkinka?"

"Yallaɓai, bai taɓa ba ni kunya ba."

Jami'in ya sa ƙafa ya ture dutsen. Motar ta gangara da baya, tukwane na ƙara, dattijo na bin ta da takalmi ɗaya, direbobi na dariya har da riƙe ciki. Ya taɓa gudu ya bar gida. Yau gidan ne ya gudu ya bar shi.