Jirgin Katako da Jirgin Roba

Har yau idan wani ya ce jirgi mai kyau ne ke cin gasa, ba matuƙi ba, sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Na san inda zafin ya samo asali. Ɗan wan mahaifina ne ya dasa mini shi a shekarun tamanin, lokacin muna zaune a Minguettes, gefen Lyon, a hawa na tara na wani dogon bene.

Daga tagarmu ana hango wani filin ciyawa inda ake tashi da jiragen da ba su da inji. Ƙaramin jirgi mai inji ne ke jan su da igiya, ya kai su sama ya sake su, daga nan sai matuƙi ya nemo wa kansa iskar da za ta riƙe shi. Rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta miƙe sama, kai kuma ka shiga cikinta kana kewayawa har ta ɗaga ka. Matuƙan wurin famfo suke ce mata. Ni ban ga baƙon abu a ciki ba, don kafin a kawo ni Faransa na yi shekaru ina kallon ungulaye suna wannan aikin a saman kwatar Damagaram. Kafinta ne ni, saboda haka ƙungiyar filin ta miƙa mini wani tsohon jirgi na katako da yadi wanda kowa ya guje shi, aka ce in na gyara in riƙa tashi da shi. Hunturu biyu na yi ina kankara da liƙi kafin ya ga sama.

Ni na kai yayan nawa filin da ƙafata, wata shekara da ya zo mana hutu daga Paris, kuma har gobe ban yafe wa kaina ba. Ya gani, ya ƙyasa. Mahaifinsa, Alhaji, babban ɗan kasuwa ne mai shigo da kaya da fitarwa, kuma ba ya iya ganin ɗansa yana son abu bai saya masa ba. Kafin shekara biyu yaya ya koyi tuƙi a can wajensu, ya samu farin jirgi sabo fil, irin waɗanda muke ce wa na roba.

Gaskiya ɗaya ce, jirgin ya haɗu. Jikinsa sumul, fukafukansa dogaye sirara, a cikinsu kuma akwai wurin ɗura ruwa. Ruwan yana ƙara masa nauyi, nauyin ya sa ya riƙa sulalewa da gudu tsakanin famfo da famfo. In muka bar wuri ɗaya a tsayi ɗaya, ni zan kai ƙasa shi yana da sauran tafiya mai nisa. Abin da nawa ya fi shi ɗaya ne tak: ba shi da nauyi, yana tafiya a hankali, yana juyawa a ɗan matsattsen wuri. Famfon da bai isa ya ɗaga nasa ba, nawa zai lallaɓa ya hau shi.

Kowace bazara yaya yakan jawo jirginsa a tirela zuwa gasarmu ta mako guda. Da safe alƙalai su zaɓi garuruwa biyu, ka je ka ɗauki hoton gada ko hasumiyar coci daga sama don shaida, ka dawo gida. To, yaya bai iya karanta sama ba. Bai san girgijen da ke girma da wanda ke mutuwa ba, duk fari yake gani. Sai ya samo dabara. Ya jira har in kama hanya, ya manne a wutsiyata. In sha wahala in gano famfo, ya shigo ya hau. Wuni guda haka. Da zarar ya ga inda na nufa na gaba, ko ya hango gida, sai ya sunkuyar da hancin jirginsa ya wuce ni yana ɗaga mini hannu. Alƙalai suna yi wa tsofaffin jirage rangwame a maki, amma danginmu ba ruwansu da wannan, su dai su ji wa ya riga wani sauka. Shekara uku yana yi mini haka.

Abin ya kai maƙura ranar sunan ɗansa na fari, a gidansu da ke Clichy, gefen Paris. Falo cike da dattawa, an ci an ƙoshi, ana shan shayi, sai wani ya tambayi yaya labarin tashi.

"Ai ƙanena yana da amfani, wallahi," in ji shi. "Shi ka shinshino mini hanya, kamar karen farauta. In ya gano, ni sai in wuce."

Aka fashe da dariya. Ina riƙe da butar shayi, na ji kamar in juye masa ita a ka. Alhaji ya share hawayen dariya ya juya wajen mahaifina.

"Yaron ga naka ɓata lokaci yake. Shekara uku yana bin bayan ɗan'uwanshi. Ka turo mini shi magaza, kantina, ya yi aiki ƙarƙashin yayanshi, ya bar wasan tsuntsaye."

Baba ma'aikaci ne a kamfanin haɗa manyan motoci, mutum mai sanyi, kuma Alhaji ne ya kawo shi ƙasar. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ce wa wan nasa a'a ba. Ya dubi tabarma ya ce, "To, Yaya."

Na ajiye butar na durƙusa. "Baba Alhaji, a yi mini haƙuri in yi magana. A ba ni gasar bana. In na riga yaya isa gida ko sau ɗaya cikin makon, a bar ni Lyon da aikina da jirgina. In na kasa, ni zan kawo kaina."

"Da wannan akwatin katakon?" in ji yaya.

Alhaji ya ce ya yarda, dattawa shaida ne. Ya faɗa ne irin yadda ake lallashin yaro.

Daga ranar na daina neman yin sauri, don na san katako ba zai kamo roba ba ko zan mutu. Na koma neman inda zan kayar da shi. Arewa da Lyon akwai wani yanki mai tafkuna birjik, ƙasarsa jiƙe, rana ba ta gasa ta sosai, famfonta kuma ragwaye ne. Matuƙa sukan kewaye shi ta gefen tsaunuka. Ni kowace Lahadi can nake nufa. Sau biyu na kasa komawa na sauka a gonar mutane, har dai na gano wani ramin da ake haƙar tsakuwa, fari fat, wanda bayan azahar yakan saki ɗan siririn famfo, ya tashi na ɗan lokaci ya ɗauke. Na kuma tabbatar gonakin da ke kewaye shimfiɗaɗɗu ne, masu daɗin sauka. Ba mutuwarsa nake so ba, so nake ya rayu ya daɗe yana tunawa.

Makon gasa ya zo. Ruwan sama ya cinye mana kwana biyu. Kwana huɗu alƙalai suka tura mu kudu, kwana huɗun yaya ya bi wutsiyata ya wuce ni, har da tambayata ko na fara haɗa jaka. Na haɗiye. Safiyar ranar ƙarshe na tsaya gaban allon alƙalai, na ga sun rubuta garuruwan arewa. Hanyar dawowa ta ratsa gefen tafkunan. Ina juyowa sai ga Baba ya sauko daga bas da hularsa, shi da bai taɓa taka filin ba. Ya samu inuwar rumfar jirage ya zauna.

Rana ta yi kyau da farko, yaya ya cika fukafukansa da ruwa taf. Na kama hanya, ya manne. Muka ɗauki hoton gari na farko, muka ɗauki na biyu, ina yi masa hidima yadda ya saba, famfo bayan famfo. Da muka juyo gida sauran jirage suka karkata wajen tsaunuka, ni na miƙe tsakiyar tafkuna. Na waiga. Yana nan biye, bai ko yi tunani ba.

Can gabanmu akwai wani ƙaton girgije, a ido abin sha'awa, amma gindinsa ya fara yagewa, alamar iskar da ta gina shi ta mutu, abin da ya rage ƙarƙashinsa iska ce mai jan mutum ƙasa. Na sunkuyar da hancin jirgina na nufe shi da gudu, kamar wanda ya ga abinci. Yaya ya ga inda na dosa, ya wuce ni fuu, yana zubar da tsayinsa don ya riga ni hawa. Na bar shi ya yi nisa, sannan na karya hagu zuwa ramin tsakuwa.

Na isa ƙasa-ƙasa, har ina gane launin motocin da ke ɗibar tsakuwar. Shiru. Na kewaya sau ɗaya, babu komai, na fara ganin kaina ina jera kwali a magaza. Sai fiffiken dama ya ɗan motsa. Na kwanta a kansa, na matse da'irar iyakar matsewa, allurar da ke nuna hawa ta ɗaga kaɗan. Na riƙe ta a haka ina hawa taku-taku.

Daga nan na hango shi. Ya je ƙarƙashin girgijen ya tarar ba komai, ya yi ta dube-dube, sannan ya juyo yana nemana. Ya iso ƙasa da ni sosai. Ya shiga kewayawa, amma jirgi mai nauyi ba ya juyawa a matsatsi, rabin da'irarsa a cikin famfon, rabi a waje. Sai a lokacin ya tuna ya buɗe ruwan, ya fito masa ta baya fari, dogon layi. Ya makara. Famfon ya riga ya tsinke daga ƙasa, ni yake ɗauke da ni, shi ya bar shi.

Rediyo ya yi ƙara. Da Hausa ya yi magana don kada Faransawa su ji.

"Ƙane, ina famfon yake? Ka hwaɗa mini, don Allah."

Shekara uku ina jiran wannan muryar. Na bar shi ya sake tambaya, sannan na danna maɓallin magana.

"Yaya, akwai gonar alkama da aka yanke a hannunka na dama. Iska daga arewa take. Kada ka manta ka fito da taya."

Na tsaya ina kewayawa a samansa har ya sauka, ƙura ta tashi, ya buɗe murfi ya fito da ƙafafunsa. Da na ga lafiyarsa ƙalau, wani daɗi ya cika mini ƙirji wanda ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na ji tausayinsa ba. Na lallaɓa gida a hankali, kusan ni ne na ƙarshe cikin waɗanda suka iso, ban damu ba.

Al'adar filin ce, in wani ya sauka a gona, waɗanda suka iso su je su taya a kwance jirgin a ɗora a tirela. Abokin yaya ya ja tirelar, ni na ɗauki motar ƙungiya, Baba ya ce zai bi ni. Muka tarar da yaya zaune a inuwar fiffike, ƙaiƙayi har cikin gashinsa, manomin da matarsa suna tsaye suna kallonsa. Yana ganin Baba ya miƙe.

"Baba, da gangan ya yi. Ya san ba iska can, ya ja ni."

Baba ya dube ni. "Haka ne?"

"Haka ne, Baba. Da gangan na yi."

"Igiya ka ɗaura mishi?"

"A'a."

Baba ya juya wajen jirgin. Ya naɗe hannun rigarsa ya kama bakin fiffike, muka ɗora shi a tirela.

A hanyar dawowa, rana ba ta faɗi ba tukuna, muka ratsa wani ƙauye mai akwatin tarho a bakin titi. Baba ya ce in tsaya. Ya shiga, ya bar ƙofar a buɗe, ina jin komai. Ya gaida Alhaji a taƙaice, ya tambayi iyali da jariri, sannan ya gyara tsayuwa.

"Yaya, yaron ya riga shi isa. Ba zai zo magaza ba."

Ya saurari amsar Alhaji. Sannan ya ɗaga murya, har wata tsohuwa da ke wucewa ta waigo.

"Na ce ba zai zo ba, Yaya."

Ya ajiye kan tarhon ya fito. Na miƙa na buɗe masa ƙofar motar daga ciki. Muka yi tafiya mai ɗan nisa kafin na tambaye shi ko layin ne ba kyau, Alhaji bai ji ba da farko.

Baba yana kallon titi ya ce, "Ya ji sarai. Ni na so in sake hwaɗi."