Gatarin da Ya Yi Damina Huɗu a Jikin Gawo

Bana shekara bakwai ke nan da muka rufe Isufu a maƙabartar Alela. Mutane sun sha ce mini ni ya kamata in rubuta wani abu a kansa, tunda benci ɗaya muka zauna a lakwal, makarantar boko ta Ƙonni, kuma ƙanwata Dije ya aura. Kowace shekara in ɗauki alƙalami in ajiye. Abin da ke hana ni shi ne akwai hannuna cikin labarin, kuma ba wurin da nake alfahari da shi ba ne.

Isufu ɗan gandun daji ne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi cikin kaki, daga Illela zuwa Tajaye, daga Malbaza zuwa Dogarawa, da farko bisa doki, daga baya bisa ƙaramin babur ɗin nan, mobilet. Sau tara Dije ta ɗaure turminta da tukwanenta suka sauya gari. 'Ya'ya shida suka rena a haka, kuma ban taɓa jin ya shigo gida da ɗan akuya ko damin gero na "a yi haƙuri" ba. Dokar wancan lokaci ta ce akwai itatuwa, irin su gawo, da ba a sara ko da cikin gonar mutum suke, sai da takarda. Wanda aka kama, a karɓe gatarinsa. Isufu ya yarda da wannan doka har cikin ransa. Ya ga rairayi na cin gonaki daga arewa, ya ɗauka shi aka tsayar a bakin ƙofa.

Ni a shekarun nan ina hanya, ina tafinta ga masu manyan motoci tsakanin Agadas da Abijan. A Kumasi na ga mutane na yaƙi da itace don su sami wurin shuka. Arewa da Agadas na ga Buzu ya yi tafiyar rabin yini don inuwar itace guda, ya sauka ya tashi bai karya ko tsinke ba. Mu muna tsakiya. Muna son itace, kuma ba mu iya rayuwa sai mun sare shi. A wannan tsakiyar aka ajiye Isufu da hularsa.

Yana da wa, Arzika. Shi ya zauna gona lokacin da aka ɗauki Isufu lakwal, shi ke tako ƙasa har Ƙonni da ƙullin gero a ka don ƙanensa ya ci. A farin 1984 shanun Arzika suka ƙare, saura biyu. Babu ciyawa, babu kara, amma babban gawon gonarsu ta gado yana nan kore shar, kamar yadda gawo ke yi da rani. Arzika ya ɗauki gatarin ubansu ya hau ya fara sauke rassa.

Ran nan Isufu na rangadi da wani sabon shef, shugabansu da aka turo daga babban birni. Motarsu ta tsaya bakin gonar. Shef ya ce a yi aiki. Isufu ya sauko, ya tsaya ƙarƙashin itacen da ya yi wasa a gindinsa yana yaro, ya ɗaga kai, ya yi wa wansa magana da Faransanci. Arzika ba ya jin ko kalma ɗaya. Direba ne ya fassara masa: ka sauko, ka ba da gatari. Ya sauko, ya miƙa. Mota ta tafi da gatarin. Kafin mako biyu shanun nan biyu sun bi sauran.

Na san abin da ya kai Isufu ga Faransanci ran nan, domin ni ma na sha ɓuya a cikinsa. Da Hausa dole ya fara da "Yaya", kuma wanda ya ce "Yaya" ba ya iya miƙa hannu ya karɓi gatari.

Bayan shekara uku ya ajiye aiki, ya koma Alela. Kafin ya bar buro, ofishinsu, ya roƙi abu ɗaya. Akwai wata mangaza, ɗakin ajiya, a baya inda ake jibge gaturan da aka karɓe, gara ta cinye ƙotocin, tsatsa ta kama ƙarfen, ana shirin kwashe su a zubar. Ya ce a ba shi. Amalanke biyu ya cika.

Abin da ya yi da ritayarsa ke nan. Wasu abokan aikinsa sun buɗe kanti, wasu sun shiga siyasa da aka buɗe ta. Shi ya zauna ƙofar gida yana kankare tsatsa, yana sassaƙa ƙota daga busassun rassa. Ya san hannun maƙeran kowane yanki, ya ware na Tajaye daban, na Dogarawa daban. Ranar kasuwa ya ɗaure su bayan mobilet, ya shimfiɗa tabarma, ya jera, ya ce kowa ya duba nasa.

Na raka shi Dogarawa sau ɗaya. Mutane suka yi cirko-cirko daga nesa, ba mai matsowa. Can wani dattijo ya ce, "Isufu, hwaɗa muna gaskiya. In na ɗauka, ba ka sake kama ni bakin gari?"

Ya ce, "Baba, dubi kaina. Ka ga hula?"

"Hular ba ita ka kama mutane ba, kai ne!"

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ko da yake na ga ta shige shi. Daga nan aka fara matsowa. Wata mata ta ɗauki wani ƙaramin gatari ta juya shi, ta nuna wata tsaga a gindinsa, ta ce na mijinta ne, ya tafi cin rani shekarar da aka karɓe shi, bai dawo ba. Ba ta yi godiya ba, ba ta yi zagi ba. Ta naɗe shi cikin zane kamar jariri ta wuce.

Cikin shekara biyu gaturan mangazar nan sun koma hannun masu su, ban da wanda masu shi suka mutu ko suka ɓace. Gatari ɗaya ne Isufu bai taɓa ɗorawa bisa tabarma ba: na Arzika. Shi da Arzika gari ɗaya, masallaci ɗaya. Ya yi sallama, wansa ya amsa, don kada su shiga haƙƙin gaba. Iyakarta ke nan.

Nan na shigo. Isufu ya ce mini zai je da kansa ya durƙusa. Ni na hana shi. Na ce a ƙasashen da na zaga, babba ba a tunkararsa kai tsaye da irin wannan magana, sai a sa mai magana tsakani, kada a ƙure shi ya faɗi abin da ba ya janyuwa. Na kawo masa misalin Ashanti, na kawo na Buzaye. Ya saurare ni domin ya ɗauka na fi shi sanin duniya. Ni na ɗauki gatarin na kai.

Arzika na gyaran darni, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Alhaji, wanga ƙarhe shina tada shanu?"

Na ce a'a.

"To mai da mashi."

Sau uku ina komawa, da liman, da maigari. Amsa ba ta sauya ba. Daga ƙarshe Isufu ya ɗauki gatarin ya kai gona, ya maƙala shi a tsakanin rassan gawon, daidai inda hannu ke kaiwa. Duk Alela ta san na wane ne, ba wanda ya taɓa. Kowace Juma'a bayan masallaci ya je ya shafa masa mai. Sau biyu ya sauya ƙota. Arzika ya yi shuka, ya yi noma, ya yi girbi kewaye da itacen nan damina huɗu, yana wucewa ta gindinsa kamar bai gani ba. Dije ta ce mini sau ɗaya mijinta ya sa babbar riga ya nufi ƙofar wansa, ya hango shi cikin mutane, ya juyo. Ya ce mata, "Bari dai Alhaji ya dawo daga tahiya."

Ciwon kwana uku ya ɗauke Isufu. Da hantsi ana wanka, aka ce a je a saro itacen da za a jera bisa kabari kafin a zuba ƙasa. Arzika ya miƙe daga cikin masu zaman makoki, ya ce kowa ya zauna. Na bi shi daga baya. Mutum ne da ya haura saba'in. Ya isa gindin gawo, ya sa hannu ya zare gatarin kamar jiya ya ajiye shi, ya fara sara. Na ce ya kawo in taimaka. Ya ce, "Kauce. A kira gandun daji shi zo shi kama ni." Yana sara hawaye na bin gemunsa.

A bakin kabari liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci. Arzika ya ce da ƙarfi, kowa na ji, "Ni na yahe tun shekarar hwarko. Jira nike shi taho da ƙahwarshi shi ce mani Yaya. Sai aike, sai aike." Bai dube ni ba. Da ya duba da ya fi mini sauƙi.

Yau in ka bi hanyar Alela za ka ga abin da Isufu bai gani ba. Manoma da yawa sun daina ƙone kututture lokacin sassabe. Suna barin toho biyu ko uku, su gyara su, su tashi su zama itace, domin an fara ce musu wanda ke gonarka naka ne. Da can tsoron kaki ya sa mutum ya kashe toho tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa hukuma cikin gona. Isufu ya fara gane haka a kan tabarmar kasuwa. Ya taɓa ce mini, "Shekara talatin ina tsaron itace, ashe ina koya ma mutane ƙin shi." Ina jin da ya ga gonakin nan zai yi murna, murnar kuma ta yi masa ciwo. Da ya ga amalanken itacen girki da ke shiga Ƙonni kowace safiya, na tabbata hannunsa zai nemi hular da ya cire. Ban ce duk aikinsa kuskure ba ne. Akwai gawon da ke tsaye yau don ana tsoron Isufu jiya.

Me ya rage? 'Ya'yansa shida, babu wanda aka taɓa nuna wa yatsa. Dije, wadda ta ƙi barin ɗakin da ya gina mata, turminta ya sami wuri ɗaya. Gatura masu ƙotar hannunsa, warwatse a gidajen da ba su san ya mutu ba.

Da kakar bara na je gonar. Inda aka sare rassan kabari ya warke, ya yi sababbi. Arzika na zaune a gindi, ido ya yi rauni, gatarin bisa cinyarsa. Shi ke shafa masa mai yanzu, kowace Juma'a. Muka gaisa. Can ya ce, "Alhaji, an ce harshe biyar ka iya."

Na ce haka ake cewa.

"Duk cikinsu babu wanda za ka ce ma Isufu da shi, tahi wurin ɗan'uwanka?"

Allah Ya yi wa Isufu sauƙin kwanciya ƙarƙashin itacen da wansa ya sara masa, Ya haɗa su inda ba a bukatar ɗan aike. Ni kuma Ya yafe mini shawarata.